Auta Ta Rasu a Cikin Huhun Goro

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga hukuncin Ubangiji, gidan Alhaji Babandi mai goro da ke Sabon Ibadan yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Auta, farar hodar silika wadda 'yarsu Muhibbat ta haɗa da hannunta domin digirinta na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Ta rasu a kan hanyar Arewa bayan gajeriyar jinya, ba ta kai cikin cokalin shayi ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, asalinta dangin yashi ce, amma ta fi danginta tarbiyya nesa ba kusa ba. An raine ta a cikin ruwan ayonik, wani irin gishiri ne da ya ƙi daskarewa, yake zaune ruwa-ruwa kamar man gyaɗa. A jikinsa ta ginu. Da ta yi ƙwari aka sa ta a tanderu, wuta ta cinye ruwan, ya bar mata ƙananan ramuka bila adadin da ido ba ya gani. Muhibbat ta sha rantsuwa cewa da za a buɗe ramukan nan a shimfiɗa, sai sun rufe tsakar gidansu har da na maƙwabta. Mahaifiyarta, Hajiya Azumi, ba ta taɓa musa mata ba, ta dai ce yarinyar tana bukatar barci.

Auta ta samu sunanta ne saboda yayyenta duk sun riga ta gidan gaskiya. Ɗaya ta tafi ranar da aka ɗauke wuta tanderu na tsaka da aiki, wata ta fito baƙa ƙirin, wata kuma ta dunƙule ta ƙi kowa. Auta kaɗai ta fito fara tas, ta kuma zo a lokacin da malamin Muhibbat ya riga ya faɗa mata cewa idan babu sakamako a wannan zangon, to sai ta sake shekara. Abin da ya rage kawai shi ne a kai ta wata jami'a a Arewa, inda ake da na'urar auna ramukan, a rubuta adadin a babi na huɗu na kundin bincikenta, Muhibbat ta gama.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar abin da aka ji daga gare ta shi ne wani ɗan "shuu" idan an karkata kwalbarta, kuma Muhibbat takan karkata kwalbar ba don komai ba sai don ta ji shi. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya ganin danshi ta kawar da kai. Shi ya sa take zaune a kwalba mai murfi, an naɗe bakin da leda.

Ciwon ajali ya same ta ne da safiyar tafiya. Kowa ya san mutumin Sabo ba ya tafiya Arewa hannu sake, sai an ɗora masa goron dangi, kuma Alhaji Babandi ba ya barin kowa ya ɗaure masa huhu. Yana cikin jera goro sai idonsa ya faɗa kan kwalbar a kan tebur, ya tambayi 'yarsa me ya sa aka toshe ta haka.

"Baba, ruwa take sha daga iska, ko kaɗan ta samu sai ta zuƙe," in ji Muhibbat, sannan ta fita yi wa maƙwabta sallama.

Alhaji ya tsufa a harkar goro, kuma a iya saninsa duk abin da yake da daraja, ƙishirwa ce ke kashe shi a hanya. Tausayi ya kama shi. A ce abin da 'yarsa ta ƙare ƙuruciyarta a kansa za a kai shi har Arewa cikin zafin nan a bushe, shi yana raye yana kallo? Ya zaɓi ɗanyen ganye mafi faɗi, ya zazzage Auta a kai, ya yayyafa mata ruwa da yatsunsa kamar yadda yake yi wa farin goro, ya ninke, ya cusa ta can tsakiyar huhu. Kwalbar kuwa ya naɗe ta da ƙyalle ya mayar cikin jaka, don shi ba ya son ɓarna.

A tashar Ojoo, mota ta fara motsi ke nan da Muhibbat a ciki, Alhaji ya leƙo ta taga fuskarsa cike da annuri ya ce, "Na gyara miki 'yar hodar taki, tana cikin huhu, na ba ta ruwa sosai. Kada ki buɗe sai kin isa."

Huhun yana but ɗin mota, ƙarƙashin doyar fasinjoji. Muhibbat ta roƙi direba da Hausa, ta roƙe shi da Yarbanci, har da "ẹ jọ̀ọ́", wato don Allah, ta haɗa masa. Ya dube ta ta madubi ya ce, "Anti, no be here we go offload o," wai shi ba a nan zai sauke kaya ba. Haka ta yi tafiyar nan a zaune, ta san Auta tana jinya a bayanta, ba ta da yadda za ta yi. Ta yi kuka har wata tsohuwa a gefenta ta tambaye ta ko mahaifiya ce ta rasu.

Da aka kwance huhun, an tarar da marigayiyar ta zama ɗan jan taɓo manne da ganye, sauran jikinta ya bi goro. Mai kula da na'urar ya duba, ya sake dubawa, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Goro dai ya isa lafiya, ko ɗaya bai lalace ba, dangi sun kira sun yi godiya.

Auta ta bar kwalbarta wayam, da ɗan ragowar ruwan ayonik a gindin gora wanda bai isa a haifi wata ba, sai an yo odar sabo daga waje. Ta kuma bar babi na huɗu da kanun magana kawai, da Muhibbat wadda za ta sake shekara, kuma ta san haka.

Za a binne abin da ya saura da ganyensa a bayan ɗakin girki ranar Asabar bayan la'asar. Ba a bukatar ruwan wanka, ta sha isasshe. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Hajiya Azumi, ta ƙofar baya, murya ƙasa-ƙasa.

Dalilin ƙofar baya shi ne har yanzu ba a faɗa wa Alhaji ba. Hajiya ta ce ita za ta faɗa masa, Muhibbat ta riƙe hannunta ta ce gara ta sake shekara uku da ta ga fuskarsa idan ya ji. Don haka duk wanda dole ta sa ya bi ta zaure, ana roƙonsa ya share idonsa tukuna. Zai tarar da Alhaji a kan tabarma, zai ba shi goro, zai kuma ba shi labarin yadda shi ma, da bai taɓa shiga aji ba, ya sa hannu a digirin 'yarsa. A daure a ce masa Allah ya saka da alheri.