Tsabta Ta Kashe Soson Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci wanda tarbiyya ta hana ni rubuta sunansa, ni Tahani Abdul-Gaffar ta unguwar Muharram Bek a Iskandariya nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk mai kiwon kifi a tankin gilashi rasuwar soson da ke tace ruwan tankinmu. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah, a wurin wanke-wanke na kicin, a hannun mijina, Injiniya Ra'afat. Shekararsa goma sha huɗu yana aiki.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Baƙi ne, mai santsi, in an matse shi sai ruwa ya fito kamar shayin da ya kwana. Jahili zai ce datti ne. To, wannan dattin shi ne aikinsa gaba ɗaya. A cikin ƙofofinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi kafin ta koma ta kashe kifin. Sai an yi makonni kafin su kafu, ruwan famfo kuwa ɗan lokaci kaɗan ya ishe shi ya gama da su. Shi ya sa duk sati biyu nake matse shi a hankali a cikin ruwan da na ɗebo daga tankin kansa, in mayar da shi mazauninsa. Na faɗa wa mutanen gidan nan haka ya fi sau ɗari.

Ɗan asali ne. A tankin mahaifina ya fara aiki. Bayan arba'in ɗin Baba, ni da yayata Afaf muka raba shi biyu da almakashin ɗinki, ta tafi Damanhur da rabinta a kwalba, na hau taragu da nawa a kan cinya. Kifayen Baba sun daɗe da ƙarewa, agogonsa ya tsaya, rigunansa an bayar. Halittun cikin soson nan kaɗai ne jikokin abin da ya raina da hannunsa.

Bai taɓa ƙorafi ba. Maganarsa ɗaya ce, bul-bul-bul, safe da yamma. In an ɗauke wuta ya yi shiru cikin mutunci, in an dawo da ita ya yi ɗan tari, fuut, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ajalinsa ya zo ne ranar da na fita sayen fulawa da man shanu na kahk, biskit ɗinmu na Sallah. Na dawo na tarar da Injiniya a tsakiyar falo, ya naɗe hannun riga, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa.

"Tahani, ajiye kayan nan ki zo ki ga abin mamaki," in ji shi. "Ashe abin nan shuɗi ne!"

Shuɗi ne kuwa, fes, a zaune cikin tankin. Ni kaina na manta kalarsa.

"Me ka yi masa, Ra'afat?"

"Ruwan zafi, sabulu, sai ɗan bilic. Sau uku na ɗauraye. Haba, shekara talatin ina tsabtace ruwan da rabin garin nan ke sha, ke za ki koya mini abin da ake kira datti?"

Wannan shi ne mutumin da tun da ya yi ritaya ya jera mini kayan ƙamshin girki bisa tsayin kwalba, ya kankare tukunyar kofi har kofinta ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Shekara talatin yana kashe duk abin da ke motsi a ruwa ana tafa masa, ba a taɓa samun mai gaya masa cewa akwai ruwan da ake so da rai a ciki ba. Na raina shi a wannan hantsin, kuma ban ɓoye ba.

Marigayin ya bar marayu. Akwai 'yan kifayen barb goma sha biyu, masu ratsin baƙi, waɗanda ba sa tafiya sai a garke. Halinsu sananne ne: in suna da yawa, junansu suke kora, su ƙyale maƙwabta, in suka gaza shida, sai su juya kan duk mai dogon wutsiya. A kwana na uku ruwan ya yi hazo. A na huɗu suka taru a sama suna haki. Bakwai sun bi shi cikin mako guda, ina kwashe su da cokalin miya ɗaya bayan ɗaya ana ta shigowa gaisuwar Sallah. Biyar suka rage, kuma tuni sun fara yagar fikafikan Basha, tsohon kifinmu mai jan mayafi, wanda yanzu yake ɓuya bayan dutse. Ya kuma bar ni, da ciwon bayana, ina canja rabin ruwan kowace safiya don kada gubar ta ƙarasa sauran.

Ta'aziyyar da Injiniya ya yi mini ita ce, "Kifi ne fa, Tahani. Gobe in kawo miki ashirin." Ko ɗari ya kawo, a ruwan nan mutuwa za su yi. Abin da zai ceci biyar ɗin da Basha guda ɗaya ne: yankin soso mai rai, da dattinsa, daga tankin da ya daɗe. Na kuma san inda rabin na Baba yake.

Shekara huɗu ba ma magana da Afaf. A bikin 'yata ta ga Ra'afat yana goge cokulan baƙi da hankici, ta ce a gaban surukai, "Mijin nan naki, in aka bar shi da zuma sai ya wanke ta don tana danƙo." Na miƙe na kare shi, na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa yaya. A kan wannan mutumin na yi asarar shekara huɗu. Ɗazu na ɗaga waya.

"Yaya, ni ce."

Ta ce, "Wa ya mutu?"

"Soson Baba."

"Wanke shi ya yi?"

"Da bilic."

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni nawa suka rage, na ce biyar.

"Turo shi gobe da kwalba," in ji ta. "Shi, ba ke ba. Ke ranar Juma'a za ki zo, ki zo da yunwarki, uwar taurin kai."

Gawar tana cikin tankin har yanzu, iska na bi ta cikinta tana bul-bul ɗin da babu kowa a bayansa. Za a yi jana'iza gobe Talata bayan la'asar, da zarar magajinsa ya iso, a tukunyar furen da ke baranda, kusa da bakwai ɗin da suka bi shi. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi masa wanda ya isa. Ana karɓar gaisuwa a bene na huɗu, akwai kofi marar sukari, a tukunyar da na aro wurin maƙwabciya.

Injiniya Ra'afat ba zai zauna karɓar gaisuwa ba. Zai bi jirgin ƙasa na safe zuwa Damanhur, ya tsaya a ƙofar Afaf ya roƙi datti, ya dawo da kwalbar baƙin ruwa a kan cinyarsa, riƙe da hannu biyu. Duk wanda ya gan shi a tasha yana waige-waigen famfo, don girman Allah ya riƙe masa hannu.