Bokan da Ya Saye Dodanni

Tun da muka baro Tafoki jikokina suka daina zuwa jin tatsuniya, sai ranar da babbansu Habu ya shimfiɗa tabarmar wasan yaƙar dodanni a ɗakina, kowa da jaruminsa.

Ya ce, "Kaka, ƙago mana boka mai tsafin dukiya."

Na gyara zama. Ni da na tsufa a ba da labari? Na ce, "Bokana in ya tafa, zinariya ta zubo, dodo ya karɓa ya sako mutane."

Kafin kununa ya huce dodanni duk sun sayu, ba wanda ya zare takobi. Yara suka miƙe, suka koma wayoyinsu.

Tabarmar tana nan a naɗe. In sun gifta ƙofata sai su tafa: "Hajiya, nawa dodo yau?"