Rasuwar Jan Zakara, Babur Mai Raba Burodin Tanghin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma bai bar ta ta huta ba, Sibiri Tapsoba na unguwar Tanghin a Wagadugu yake sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da waɗanda ya ɗauka abokan arziki ne, rasuwar babur ɗinsa da unguwa ta sani da Jan Zakara. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, gari ya ɗau zufa, a kan gadar madatsar ruwa, yana hanyar komawa gida.

Marigayi ƙaramin babur ne, irin wanda ya cika garin nan, wanda mata ke zuwa cefane da shi. Ba shi da girman jiki, ba shi da shan mai. Sibiri ya gaje shi a hannun kawunsa, kuma da shi yake raba dogon burodin gidan Tanti Pogbi kowace asuba, shago-shago, gida-gida. Nan ya samo sunansa, don kafin zakarun unguwa su buɗe baki an riga an ji shi. Bugu ɗaya ake yi masa, ya ce kir-kir, ya yi gyaran murya, sannan ya kama tu-tu-tu ɗinsa a natse. Odarsa siririya ce, fiit, ba ta taɓa firgita ko ɗan akuya ba.

Amma babban abin da za a tuna shi da shi, shi ne awon lafiyar ababen hawa na shekara, wanda muke ce wa bizit. Tun da 'yan sanda suka taɓa kama babur ɗin wani mai rabon burodin, burodi ya kwana a caji ofis ya bushe, Tanti Pogbi ta kafa doka: wanda ba shi da takardar awo, ba ya ɗaukar mata ko gutsure. To marigayi bai taɓa ba Sibiri kunya ba. Shekara ta zagayo, ya shiga layi, a taka birki ya tsaya cak, a kunna fitila ta haska, a duba hayaƙi a rasa. Akwai wani dattijo mai furfura a gidan awon, da ya hango su sai ya ce, "Kawo min shi nan, ɗana, in wanke idona. Tun safe gawarwaki nake gani."

Wannan shaidar ce ta zama ajalinsa.

Kowa ya san yadda ake yi a unguwa. In ranar awonka ta matso kuma madubinka ya tsage, ba saye za ka yi ba, aro za ka yi wurin maƙwabci, ka je ka ci awo, ka dawo ka mayar. Tunda baburan duk iri ɗaya ne, na wannan yana shiga jikin wancan. To da labari ya bazu cewa akwai babur ɗin da bai taɓa faɗuwa ba, sai ƙofar Sibiri ta zama asibiti. Ya dawo rabo ko ruwa bai sha ba, zai tarar da mutum tsugune da sifana a hannu, yana yi masa sannu da aiki.

Shi kuma Sibiri bakinsa bai iya cewa a'a ba. Yakan shirya ta a ciki, ya jera kalmomin tsaf, in ya buɗe baki sai ya ji ya ce, "To, amma a dawo da shi kafin magariba."

Ana dawowa da shi kuwa. Gaskiya ba wanda ya taɓa riƙewa. Sai dai abin da ya fita ba shi ne yake dawowa ba. Madubi ya tafi garau, ya dawo da hazo a ido. Wayar birki ta tafi sabuwa, ta dawo da furfura. In ya ce, "Anya wannan nawa ne?" sai a ce, "Haba Sibiri, ba iri ɗaya ba ne? Duba mana." Ya duba, iri ɗaya ne.

A cikin masu aron nan ba wanda ya kai Dramane Ki, maƙwabcinsa na jikin katanga. Ki ɗan ƙabilar Samo ne, Sibiri kuwa Bamoshe, kuma tsakanin Samo da Moshi wasa ne tun kakanni: ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a hanawa. Ki ba ya ma sallama.

"Kai bawana, fito! Ubangidanka zai je awo gobe."

"Wane ne bawanka? Samo da ko wanka sai an tuna masa?"

"Naka bakin ne. Kwance min salansa."

"Salansa kuma, Ki? Bara fitila ka ce."

"Bara bara ce. Dukiyar bawa ta wace ce? Riƙe min nan, kar ka tsaya kana kallona kamar tunkiya."

Kuma Sibiri ya riƙe. Wannan shi ne abin da yake hana shi barci yanzu, cewa shi da hannunsa ya riƙe.

Ciwon ajali ya fara da tari. Bugu ɗaya ya koma uku, ya koma sai an tura. Tu-tu-tu ɗin nan mai daɗi ya zama faf-faf-kwaf, kamar ana duka tsohon bokiti. Fitila ta koma lumshe ido a daidai inda rami yake. Duk da haka marigayi bai taɓa kwana da burodin mutane ba, ya yi jinyarsa a tsaye.

Ranar Talata aka kai shi awo. Dattijon nan ya taso da murmushinsa, ya kama birki, murmushin ya tafi. Ya zagaya shi a hankali, ya tsuguna, ya miƙe.

"Ɗana, wannan tayar ai na san ta. Ni na kayar da ita a babur ɗin wani tela, watan azumi. Wannan salansar ma mun gaisa. Ina Jan Zakara?"

"Shi ne wannan, Baba."

"Lambar dai tasa ce."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce a je a gyara a dawo. Sibiri ya hau, suka kamo hanya. Suna tsakiyar gada marigayi ya yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ƙiiii, sannan ƙat. Shi ke nan. Bakanike Nufu, wanda aka tura gawar zuwa rumfarsa, ya buɗe ya ce inji ya ƙone ƙurmus, babu ɗigon baƙin mai a ciki. Ashe har noti na ƙasan inji an ara, aka mayar da wani mai cinyayyen haƙori, mai yana zuba kaɗan-kaɗan tun ba yau ba. Sibiri ya tambayi unguwa wa ya ari noti. Har yanzu ana tunani.

Da yamma ya je ya gaya wa Tanti Pogbi. Ta ajiye abin da take yi, ta ce, "Wayyo Sibiri, yaron kirki. Amma ka san burodi ba ya zaman makoki." Ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen mako ya samo abin hawa mai takarda. Washegari sai ga saƙo cewa ta samu wani, kar ya wahalar da kansa. Wanda ta samu Dramane Ki ne. Takardarsa sabuwa fil, babur ɗinsa ba ya hayaƙi ko kaɗan.

Marigayi ya rasu ya bar madubai biyu a gidan tela, da fitila a wurin mai gyaran rediyo, da tayar baya da aka ce an gani a unguwar Dapoya tana cikin ƙoshin lafiya, da salansa a gidan maƙwabcin jikin katanga. Dukansu sun ci awon bana, muna taya su murna. Ya kuma bar Sibiri, da mahaifiyar Sibiri wadda shi ke kai ta coci ranar Lahadi, da hular kwano guda da yanzu ba ta da aikin yi.

Ana zaman karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, inda gawar take lulluɓe da buhun fulawa. Akwai farau-farau mai sanyi. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, su bar sifanunsu a gida. Jiya an zo ta'aziyya an tafi da murfin tanki.

Ki ya aiko cewa bisa al'adar wasan Samo da Moshi zai hau kan gawar ya zauna, ba za a fita da ita ba sai an fanshe ta a hannunsa. Ana sanar da shi cewa ya zo ya zauna. Abin da zai karɓa ya riga ya karɓa tun marigayi yana numfashi.

Za a ɗauki gawar a amalanken jaki zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar bayan la'asar. Da farko yau da sassafe aka shirya, mai amalanke har ya iso, sai aka ɗage. Dalili kuwa, ana cikin ɗaura igiya sai ga Ki ya fito zai tafi rabonsa na farko, akwatin burodi ya karkace a bayansa, saura ƙiris ya kife cikin taɓo. Sibiri ya ce a ransa ba ruwansa. Ya sake cewa ba ruwansa. Sai ya ji ya ce, "Tsaya, Samo, ba haka ake ɗaurewa ba."

Ya kwance robar, ya gicciya ta, ya ja ta ƙarƙashin kujera. Ya ce masa tsohuwar bayan masallaci ba ta ji, kar ya tsaya yana mata oda, akwai ƙusa a jikin ƙyaure, nan ake rataye nata. Ki ya ce ai bai san gidan ba, bai san rabin gidajen ba ma. Sibiri ya dubi mai amalanke, ya dubi gawar, ya ce a dawo Asabar. Ya hau bayan Ki, ya bi da shi layi-layi har burodi ya ƙare.

A bakin kasuwa Ki ya sauke shi, ya ce yana da uzuri a cikin gari, ya ja mai ya wuce. Sibiri ya tako gida a ƙasa.