Fuskar Da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da fuskar da na kai gidan su Fauziyya ba, kuma ko na so in manta, akwai wani bidiyo da ba zai bar ni ba. Har yau in na ga hoton dutse lulluɓe da dusar ƙanƙara, sai in ji kumatuna sun ɗauki zafi.

Ni haifaffen Makka ne, tashin unguwar Mansur. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba, shi ya sa muke Hausa a cikin gida, Larabci a bakin titi. A lokacin ina aiki a wani shagon sayar da wayoyi, Ummata kuwa ta gaji da ganin tuzuru a gabanta. Ta yi ta sintiri tsakanin Mansur da unguwar Zahir har ta samo mini Fauziyya, 'yar wani dattijo da muke kira Ammu Salihu. Aka sa ranar shofa, wato ranar da zan je gidansu in gan ta, ta gan ni, a gaban mahaifinta, kafin a shiga maganar ɗaurin aure. An riga an ɗage ranar sau ɗaya saboda aikina, Ammu Salihu kuwa ya aiko a gaya mana shi ba ya ɗage magana sau biyu. Ga kuma wani ɗan ƙanwarsa da aka ce yana ta shawagi a gidan da ledojin tsaraba.

Ana cikin haka abokina Usama ya zo mini da shawara. Ya ce akwai wani gari a kan duwatsun Turkiyya inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma tunda watan Afrilu ya kama, lokacin wasan ya zo ƙarshe, komai ya yi araha.

"Ya shaikh, da zarar an ɗaura maka aure, Ɗa'if ma sai da izini," in ji shi. "Yalla mu je ka ga ƙanƙara da idonka kafin a rufe ka."

Umma ta ce kada in je. Ta ce mai shirin zuwa gidan surukai ba ya hawan dutse. Na rantse mata ba zan karya ko ɗan yatsa ba, kuma zan dawo da sauran kwanaki kafin shofa. (Na cika alkawarin nan kuwa. Ban karya komai ba.)

Sanyin da na sani a duniya bai wuce na Ɗa'if da asuba ba, don haka na yi shiri irin na mai zuwa yaƙi. Wando biyu, rigar sanyi biyu, ƙatuwar kwat, hular da ke rufe kunne, da mayafin wuya. Umma ta ƙara mini da safa da garin citta.

Da muka isa garin sai na ga abin ba kamar yadda yake a hoto ba. Ruwa na ɗiga daga kowane rufi, yana gudu a gefen titi. Ƙanƙarar da aka tara a bakin hanya ta yi baƙi da datti. A gindin dutsen ciyawa ta fara leƙowa, wasu masu shaguna har sun soma kwashe kaya. Mutane na zaune a waje da riga mai gajeren hannu suna shan shayi, ni kuwa na sauko daga mota kamar an ɗaure katifa da igiya. Na ce a raina, dama an ce araha ba ta ado.

Usama ya taɓa zuwa, shi ya yi mini bayani washegari muna ɗaura takalman wasan. Ya ce ƙanƙarar ƙarshen lokaci hali uku gare ta. Da sassafe tana da tauri da santsi, saboda abin da ya narke jiya ya sake daskarewa. Da hantsi sai ta yi laushi, ta zama tsaki-tsaki, a nan ne ake jin daɗinta. Bayan azahar kuwa ta zama kunu, ta riƙa kama allunan da ke ƙafar mutum. Daga nan ya zaro wani ɗan kwalin mai, ya lafta wa fuskarsa, ya miƙo mini.

"Shafa. Rana a nan ta sama da ta ƙasa ce, tana dukan ƙanƙara ta dawo maka a fuska."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ni? Ni da na tashi ina buga ƙwallo da tsakar rana a Mansur ba takalmi? Wannan ranar da ko shayi ba za ta ɗumama ba? Ajiye wa fararen fata abinsu."

"Wallahi ka shafa."

"Ɗan Makka ba ya tsoron rana."

Ya mayar da kwalin aljihu. Na duba hagu da dama, kowa hancinsa fari fat da mai, har da tsofaffi, amma ban ɗauki darasi ba.

Muka hau kujerun nan masu tafiya a jikin waya, irin na dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if, zuwa sama. Kafin hantsi gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na cire hula, na cire mayafin wuya, na ɗaure kwat a ƙugu. Abin da kawai ya rage a fuskata shi ne ƙaton tabarau mai roba da ke zagaye idanu. Haka na wuni ina faɗuwa ina tashi, iska mai sanyi tana shafa mini kumatu, ina jin daɗi, ban san gasa ni ake yi ba.

Wajen la'asar Usama ya ce mu sauka a kujerun waya, don ƙasan dutsen ya gama narkewa. Na ce ai na iya, da ƙafata zan sauka, shi dai ya riga ni ƙasa ya ɗauke ni bidiyo don in nuna wa 'yan shago. Da farko abin ya yi kyau, har ina ɗaga hannu. Ina shiga wurin da ya narke sai allunan suka cije wuri ɗaya, ni kuma jikina bai samu labari ba, ya ci gaba da tafiya. Na tashi sama, na dira a ciki, na yi ta sulalewa har cikin wani kududdufin ruwan ƙanƙara da ke gindin dutsen. A tsakanin tashi da dira kuwa na kurma ihu da Hausa tsantsa, "Wayyo Umma! Umma na mutu!" Masu shan shayi suka miƙe suna tafi. Na sa Usama ya turo mini bidiyon, ya goge nasa a gabana, na ce ko a lahira kada ya tayar da maganar.

Na ɗauka abin kunyar tafiyar ke nan. Da safe na duba madubi, gabana ya yanke ya faɗi. Leɓɓana sun kumbura sun tsage. Hanci da kumatu da goshi sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, zagayen idanu kuwa na nan da kalarsa ta asali, an zana siffar tabarau tsaf. Kafin mu sauka a Jidda fatar ta fara saɓulewa, inda ta saɓule kuma sai wani ja-ja mai haske ya fito. Kala uku a fuska ɗaya.

Umma na buɗe ƙofa ta yi salati ta ja da baya. "Ya waladi, wa ya yi maka haka?"

"Rana ce, Umma."

"Rana ka bari a nan, ka hau jirgi ka je neman wata?"

Ba abin da ba ta shafa mini ba a kwanakin nan. Nono, zuma, man zaitun, man habbatus sauda, ruwan wardi. Kullum na tashi madubi nake fara nema, kullum sai in ga sabon wuri ya ɓare. Na daina cin abincin kirki. Na roƙe ta ta kira gidan ta ce ba ni da lafiya, ta ce in na ɗage, to ɗan ƙanwar Ammu Salihu na share wa hanya, in zaɓa.

Ranar shofa na sa farar jallabiya, na naɗe shimag ɗina, mayafin kan nan na maza, ya rufe baki da hanci, muka kama hanyar Zahir. Umma ta shige wajen mata, ni kuma aka kai ni ɗakin baƙi, wanda aka kunna wa kowace fitila da ke cikinsa. Ammu Salihu ya rungume ni, ya haɗa kuncinsa da nawa, na haɗiye ƙara. Ya zuba mini gahawa, ya tsaya yana jira.

"Ya waladi, saki shimag ɗin mana. Nan gida ne."

Na sake shi. Ya dube ni, ya dubi butar gahawa, ya dubi na'urar sanyaya ɗaki, ya tambaye ni yaya kasuwar wayoyi.

Ba a jima ba labule ya ɗaga. Wadda ta fara shigowa ita ce mahaifiyarsa, Hajiya Inno, tsohuwa 'yar Sakkwato mai dogara sanda, wadda shekarunta a Makka ba su taɓa harshenta ba. Bayanta Fauziyya ce ɗauke da faranti da kofunan lemo. Wannan ne lokacin da ya kamata in ɗaga kai in ga matar da zan aura. Ni kuwa na kafa wa dardumar ɗakin ido, ina jin kofuna na ƙara a kan faranti.

Hajiya Inno ta matso har ina jin ƙamshin turarenta. Ta sa sanda ta nuna ni.

"Salihu, wanga yaro mi as same shi ga fuska?"

"Inna, baƙo ne..."

"Na san baƙo ne. Irin man nan na mata shi ka shafawa? Haka ɗiyar maƙwabtanmu ta yi da ta so ta yi fari. Ni dai ba ni ba da jikata ga namijin da za su riƙa faɗan man shafawa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya. Ni da na ƙi shafa mai don kada a ce na yi abin fararen fata, ga shi ana tuhumata da bilicin a gaban yarinyar da nake nema. Na buɗe kumburarrun leɓɓana na ce, "Hajiya, wallahi a kan ƙanƙara na ƙone."

"Ƙanƙara? Ta ƙone mutum? Salihu ka jiya. Ga shafe-shafe, ga ƙarya."

Na ga fuskar Ammu Salihu ta canza. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce, "Ya waladi, ciwo ba laifi ba ne, amma ni ba na son a yi mini ƙarya a cikin gidana. Kana da abin da za ka nuna?"

Na zaro waya ina gumi. Duk hotunan da na ɗauka na duwatsu ne, sai ɗaya da nake naɗe kamar katifa, ko hancina ba a gani. Abu ɗaya kaɗai ke nuna ni da fuska a buɗe, da tabarau, a tsakiyar rana da ƙanƙara. Gaba kura, baya sayaki. Na yi bismillah na miƙa masa. (Mai sayar da waya ne ni, amma ban tuna in rage murya ba.)

"Wayyo Umma! Umma na mutu!" ya cika ɗakin.

Sai Hajiya Inno ta ce, "Mai do shi baya." Aka maimaita. A karo na biyu kafaɗun Ammu Salihu suka fara rawa, yana ta gyaran murya. Fauziyya ta dire farantin ta fita da gudu, na jiyo dariyarta ta fashe a bayan labule. Tsohuwa ta karɓe wayar ta bi ta da ita, can kuma ɗakin mata ya ɗauka gaba ɗaya. A cikin muryoyin har da wadda na sani tun ina cikin zani, ta Ummata.

Da Hajiya Inno ta dawo mini da wayar tana share hawaye da bakin mayafi, cewa ta yi, "Wanda ya faɗi ya kira uwa tai, ɗan albarka ne. Amma wauta kam akwai ta."

Na fito daga gidan ban san ko an karɓe ni ko an kore ni ba, kuma in ka ce in siffanta maka Fauziyya, iyakata in gaya maka kalar takalminta. Na kwana biyu ina zabura duk lokacin da wayar Umma ta yi ƙara. Ranar da saƙon ya zo, Umma ta shigo ɗakina tana cije leɓe.

"Sun amince. Amma yarinya ta kafa sharaɗi."

"Wane sharaɗi?"

"Ta ce ita ma tana da haƙƙin ganin fuskar wanda za ta aura, kuma har yanzu ba ta gani ba. In ta warke ka koma a sake shofa."

Na koma, aka ɗaura aure kafin azumi. Bidiyon kuwa ashe tsohuwa ta sa an tura mata kafin ta dawo mini da waya, kuma ba a yi taron dangi a Zahir ba a nuna shi ba. Abin da na koya shi ne, kada ka yi wa ranar garin wasu alfahari da ranar garinku. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka liƙa, in kuma farin mai ka gani a hancinsu, miƙa hannu a sam maka. Yanzu ko Ɗa'if za mu, Fauziyya na zaro kwalin daga jaka, ni ne farkon miƙa fuska.