Yadda Za Ka Samu Aikin Direba da Kalmar Ingilishi Ɗaya

Kai da ke zaune a tashar Arlit da parmin tuƙi a aljihu amma ba mota, matso kusa. Ni ne Fatahu mai shayi, ɗan Maradi, na yi wata bakwai cur a Legas. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, duk aikin da aka ce sai mai jin Ingilishi ya zama naka.

Shaidata Akoli, mutumin Gougaram ɗin nan mai shuɗin rawani. Tun da aka rufe ramin haƙar uraniyom na Akokan bai sake riƙe sitiyari ba, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Sai wani kamfanin haƙa rijiyoyi ya kawo injiniya daga Gana, Madam Akosuwa, wadda Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Aka ce ana neman direba mai Ingilishi, gwajin wata uku, in ya yi a ba shi kontara, wato takardar ɗauka aiki. Akoli ya zo wurina idonsa ya faɗa, na tausaya masa, na zaunar da shi.

Mataki na 1: Kada ka koyi Ingilishi

Ɓata lokaci ne. Mutanen Ingila marowata ne, har a magana. Kalma ɗaya suka samu, get, suka ɗora mata kaya kamar jakin mai ruwa. Samu, get. Kawo, get. Isa wuri, get. Zama wani abu, get. Sauran abin da ke cikin ƙamus ado ne, an zuba shi don littafin ya yi kauri a saye shi da tsada.

Mataki na 2: Saurari wutsiyar

Get in, shiga. Get out, fita. Get up, tashi. Get down, sauka. Direba me yake nema bayan waɗannan?

Ranar zaɓen direba Madam ta yi wa Akoli dogon jawabi, shi kuwa ya kasa kunne kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Da ya ji get ta wuce a guje, sai ya buɗe ƙofar mota ya ce, "Get in, Madam." Ta dube shi, ta shiga. Aka ɗauke shi. A ranar ya kawo mini tsire, na ci, don haƙƙina ne.

Mataki na 3: In ba ka gane wutsiyar ba, kawo wani abu

Mai hankali ba ya tsayawa hannu rabbana. Wata safiya Madam ta leƙo daga buro, wato ofishinta, ta ce, "Akoli, get ready." Ya juya maganar, ya ga get dai kawo ne, saura kuwa suna ne. Ya faɗa madafa ya tarar da Radiyya mai dafa wa ma'aikata abinci tana tsakiyar tuƙin tuwo. Ya yi mata magana da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

"Taso, Madam ya ce a kawo ka."

"Ni? Me na yi?"

"Ban sani ba, Ingilishi ne."

Ya tasa ta gaba da muciya a hannu har gaban tebur. Madam ta rufe fuska da takarda, kafaɗunta na rawa. Akoli ya ce kuka take yi don daɗin saurin aikinsa. Tuwon ranar ya ƙone, amma wannan matsalar Radiyya ce, ba ta ilimi ba.

Mataki na 4: Amsar kowace tambaya ita ce I get it

Ma'anarta na gane. Faɗe ta da gyaɗa kai. Wanda ya ce ya gane ba a cika sake tambayarsa ba, haka duniya take.

A nan akwai ɗan tsautsayi, ba zan ɓoye ba. Za su fita duba wurin haƙa can bayan Gougaram, Madam ta nuna bidon, jarkokin ruwa ke nan, ta ce, "Did you get water?" Akoli ya gyaɗa kai, "I get it." Ita tana nufin ko ya ɗebo ruwa, shi yana nufin ya gane. Da rana ta take, mota ta yi zafi, aka buɗe bidon huɗu, ko ɗigo babu. Waya ba ta kamawa. Akoli ya tsorata, ba don ƙishi ba, don ya ga kontara tana ɗaga masa hannu.

Ba shi da get ɗin da ya dace da wannan. Ya dubi dutse, ya dubi sawun raƙuma, ya ɗauki bidon biyu ya bi wani busasshen rafi. Kafin la'asar ya dawo da ruwa daga wata rijiyar makiyaya da ba ta cikin taswirar kamfani, inda ya shayar da awakin kakarsa yana ƙarami. Madam ta sha, ta rubuta wani abu a littafinta. Ka ga amfanin darasina: da ya ɗebo ruwan tun a gari, yaushe za ta san ya iya nemowa?

Mataki na 5: Yi bankwana irin na manya

Wannan sirrin ban taɓa ba kowa ba sai Akoli. A Legas, duk wanda na tsaya kusa da shagonsa, in za mu rabu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Get lost!" Har da wani mai babbar mota. Sauka lafiya ke nan, ta masu hali.

Wata uku suka cika. Madam za ta tafi Agadas kai rahoto, kuma abin da ta rubuta a kan Akoli shi ne zai ba shi kontara ko ya dawo bencina. Ma'aikata suka taru a ƙofar buro, har da patoron kamfani, wato shugabansu, wanda ya yi karatu a waje. Akoli ya gyara rawani, ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya:

"Get lost, Madam!"

Patoro ya cire tabarau.

Madam ta ajiye jaka. Sai ga Hausa ta fito daga bakinta, irin ta Zangon Kumasi, wadda ita ma ba ta raba mace da namiji.

"Akoli, wa ya koya maka wannan?"

Akoli ya ce, "Madam, kana jin Hausa?"

"A zango na girma. Ba wanda ya tambaye ni. Ka san abin da ka ce? Cewa ka yi in tafi in ɓace."

Akoli ya ja rawani har ido don kunya. Ya tuna Radiyya da muciya, ya tuna duk abin da ya faɗa a waya a gabanta wata uku.

"Tun ranar farko na san ba ka jin Ingilishi," ta ce. "Mai Ingilishi ina da shi, ni ce. Wanda ba zai bari in ɓace ba nake nema. Zo ka sa hannu."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan aka mare shi, ko aka kore shi, ko tuwo ya ƙone, ba ruwan Fatahu. Akoli ya samu aiki ta hanyata, ko da yake yanzu ya koma shan shayi wurin wani ɗan Tawa. Game da get lost kuwa, ina nan kan bakana, kalmar bankwana ce, don ban taɓa jin ta ban tafi ba. In kana da ja, ajiye mini kofina, get lost.