Rasuwar Mailafiya, Bel Ɗin Hawa Sama na Kamfaninmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara komawa fushi, ina sanar da ku abin da kuka riga kuka ji, kuka kawar da kai: Mailafiya ya rasu.

Ga wanda bai san shi ba, da wanda yake so a ɗauka bai sani ba, Mailafiya shi ne bel ɗin hawa sama na kamfaninmu, wanda ke haɗa wa shaguna da makarantu intanet a cikin birni. Ɗamara ce da ma'aikaci ke zura ƙafafu a ciki, ya ɗaure ƙugu da kafaɗa, ya maƙala ƙugiyarta a jikin ƙarfen da yake hawa, don ko ƙafa ta zame kada ya taho ƙasa. Mu ma'aikatan waje muka raɗa masa sunan, saboda duk wanda ya hau da shi lafiya yake saukowa. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi a saman wani bene a Yakasai, yana bakin aiki. Ya tsinke a kafaɗar hagu, abokin aikinmu Auwalu yana cikinsa.

Marigayin ya riga yawancinmu zuwa kamfanin. Ya zo da launin ruwan lemo, rana da gumi suka mayar da shi kalar ƙasa. Shi kaɗai ne, ba wa ba ƙane. A zamaninsa an sauya kujerun ofis, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an kafa allon suna mai haske a bakin titi, amma ba a taɓa samun sukunin saya masa ɗan'uwa ba.

Mun shaida yana da halin kirki. Bai taɓa tambayar wanda ya ɗaura shi ko ma'aikacin dindindin ne ko ɗan kwantiragi ba, tambayar da ofis ba ya taɓa mantawa da ita. Ya ratsa lungunan Jakara a bayan babur, inda motar kamfani ba ta shiga. Ba shi da yawan magana. Abin da muka sani daga bakinsa kawai shi ne “ƙyas”, idan ƙugiyarsa ta rufe a jikin ƙarfe. Wanda bai taɓa tsayawa a sama iska tana kaɗa shi ba, ba zai san daɗin wannan sauti ba.

Ya yi aiki a inda babu mai gani. Kun san yadda birni yake: gida manne da gida, tsakar gida a buɗe. Kafin namiji ya hau sama sai an sanar da maƙwabta, mata su shige ɗaki su saki labule. Al'ada ce mai kyau, ban zo zaginta ba. Amma ku dubi yadda take ga wanda ke sama. Unguwa guda tana jiran ka sauko, tukunya na kan wuta ba mai duba ta, maigida na tsaye a ƙofa yana tsaki, waya na ruri a aljihunka don ofis na son sanin me ya sa kwastoma bai daina ƙorafi ba. An koya mana mu kafe ido a kan ƙarfe, kada mu leƙa gidan mutane, mu yi sauri. Mu ba mu duba ƙasa, ku ba ku duba sama. Marigayi ne kaɗai ke tare da mu.

Rashin lafiyarsa ba ta ɓoyu ga kowa ba. Ɗinkin kafaɗarsa ne ya fara warwarewa. Daga nan muryarsa ta dushe, “ƙyas” ta koma “ƙas”, ita ma sai an danna da babban yatsa. Mun kai shi gaban manaja a taron safe, mun shimfiɗa shi a kan tebur kusa da kofin shayinsa. Aka ce a lallaɓa, ana dubawa. Da maganar ta ƙi mutuwa, sai ofis ya aika shi wajen dukawa a bakin kasuwar Kurmi. Baffa baduku, wanda aka gaya wa madaurin ɗaukar kaya ne, ya ɗora masa jar fata, ya yi mata ado irin na jakar amarya. Ya yi aikin da aka sa shi, ya kuma yi shi da kyau. Mailafiya ya dawo kamar ango. Aka ɗauki hotonsa aka sa a shafin kamfani, aka rubuta cewa lafiyar ma'aikata ita ce gaba da komai. Fatar ba ta warkar da ciwon ba, rufe shi ta yi. Daga ranar ba wanda ya sake ganin yadda ciwon yake ci.

Ranar Alhamis iska ta karkatar da farantin intanet na wata cibiyar jarrabawar kwamfuta. Aka tura Auwalu da wani abokin aikinmu, Tajuddeen. Aka sanar, mata suka shige, Auwalu ya hau ƙarfen da farantin ke kai a saman benen, Tajuddeen ya zauna a ƙasa gaban kwamfuta yana jiran sabis ya dawo. Kalmar marigayi ta ƙarshe “fyat” ce, kamar yagewar tsohon zane. Auwalu ne kaɗai ya ji ta. Ya faɗo a kan simintin saman benen, ya kwanta a wurin cikin rana, unguwa tsit, kowa yana kiyaye mutuncinsa, ana jira a ce ya sauko. Sai da Tajuddeen ya gaji da jira ya hau dubawa.

Marigayin ya bar Auwalu, wanda ke kwance a asibiti, ƙafafunsa ba sa jin ko taɓawa. Ya bar Husaina matar Auwalu, wadda ke juya shi a kan gado, wadda kamfani ya aika wa katan ɗin lemo da saƙon cewa mijinta ɗan kwantiragi ne. Ya bar hular kwano mai tsaga da tsani mai gurguwar ƙafa, su ma ba su jin daɗi. Ya kuma bar Tajuddeen, wanda aka ce shi zai hau wannan ƙarfen ranar Litinin, don jarrabawa ba ta jira. An ba shi magajin marigayi: shuɗiyar igiyar da muke ɗaure kaya da ita a bayan babur. An gaya masa in ba zai iya ba, akwai masu jira a waje. Shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Na san shi, zai hau.

Masu zuwa ta'aziyya su ce ƙaddara ce, mun ji, mun kuma yi imani da ita. Amma ƙaddarar da ba ta hana sayen allo mai haske ba, ba ita ta hana sayen bel ba. Ku da ke cikin sanyin ofis kuna amsa kira, kun gan shi yana wucewa ta gabanku kullum a kafaɗarmu. Ku kwastomomi, kun tambaye mu sau nawa yaushe sabis zai dawo, ba ku taɓa tambayar me ke riƙe da mu a sama ba.

Game da jana'iza: ba za a yi masa wanka ko salla ba, don ba shi da rai, rayuka dai ya riƙe. Ba kuma za a binne shi ba, ko da yake ofis ya nuna sha'awar a yi hakan cikin gaggawa. Za a ɗauko shi daga ƙofar gidan su Auwalu a Mandawari ranar Litinin da safe, a taka da ƙafa har ofis, a kwantar da shi a teburin manaja, a ɗaga jar fatar kowa ya ga abin da ke ƙarƙashi. Zaman makoki a ƙofar ofis ne, ba kuma za a tashi ba sai an kawo sabon bel ga kowane mai hawa, kamfani ya ɗauki jinyar Auwalu. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Mai son yi ya zo da ƙafarsa.

Ku kuma magidantan Yakasai, idan kuka ji an ce za a hau sama ranar Litinin, mata su shige kamar yadda aka saba. Ku ku fito waje ku duba. In kun ga shuɗiyar igiya a ƙugun Tajuddeen, ku tsaya a bakin matattakala ku hana shi hawa.

Abdulmuttalib Shehu Mandawari,
a madadin ma'aikatan waje.