Man Shanun Gwaggo

Ko zan manta da komai na zamana a Manchester, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyaci farfesarmu cin tuwo ba.

Baturiya ce, masaniyar muhalli, kuma vegan. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar bincikenta, ni kuwa na ƙwallafa rai a kansa. Sai na wayi gari na ce mata ni ma na zama vegan. (A fahimtata, mutum ya bar nama shi ke nan.) Wata biyu ina zuba mata wa'azi kan yadda kiwon shanu ke ɗumama duniya, har da girgiza kai. Tsire kuwa sai na je Birmingham nake ci, inda ba wanda ya san ni.

A ranar ta zo flat ɗinmu a unguwar Hulme. Matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ko ƙashi babu a ciki. Amma a gidanmu ba a ba babban baƙo tuwo gaya haka. Na ɗauko kwalbar man shanun da Gwaggona ta unguwar Lozells a Birmingham ta kawo mana daga gida, wadda ko 'ya'yana ba na bari su taɓa.

"Baban Amira, are you sure?" in ji matata a hankali.

"Ke dai bari, ba nama ba ne."

Na soya shi da albasa, na kwarara wa farfesa cokali uku. Ta yi loma biyu, ta lumshe ido, ta tambayi abin da ke ƙamshi haka. Ni kuma baki har kunne na ce mai ne daga nonon shanun mahaifina, garke guda gare shi.

Ta ajiye cokali. Cikin ladabi mai kashe jiki ta bayyana mini cewa mai barin nama kaɗai vegetarian ne, vegan kuwa ko madara ba ya sha, kuma shekararta goma rabonta da ita. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Ayaba kawai farfesar ta ci ta tafi.

Gurbin dai wani ɗan Indiya aka ba, wanda bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Tun daga ranar ba na shiga gaba in ja sallar da ban san raka'o'inta ba.